Ya Da Kunya: Tarihin Kuturta a Ƙasar Hausa da Tabon da Ya Rage Bayan Warkewa

A gefen birnin Kano, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, akwai wani gari mai suna Yadakunya, inda tsohon asibitin kutare yake, wanda Kanawa suka fi sani da asibitin Bela. Wanda ya tsaya ya warware sunan garin zai tarar da umarni a cikinsa: ya da kunya. Kamar ana ce wa wanda ciwo ya koro daga garinsu ya ajiye kunyarsa a bakin hanya, ya shigo a duba shi. Sunan kaɗai shaida ne cewa mutanen da sun san kuturta kaya biyu take aza wa mutum, akwai na jiki, akwai kuma na idon jama'a.

Kayan farko likitoci sun sauke shi. Tun 1981 aka samu haɗin maganin da ke kashe ƙwayar cutar, kuma tun 1995 ake ba da shi kyauta a duk duniya. Amma har gobe za ka ga dattijon da aka sallama daga magani tun kafin a haifi jikokinsa ana ware masa moɗar shan ruwa, ko kuma a fasa auren jikarsa don an yi bincike an ji akwai abin nan a gidansu. Za mu bi sawun wannan ƙyama daga inda ta samo tushe, domin iyalin da ke da mai jinya ko wanda ya warke su ga cewa abin da suke tsoro yana da tarihi, kuma yawancin dalilan da suka haife shi sun daɗe da gushewa.

Zamanin da babu magani

Kuturta tsohuwar cuta ce a ƙasar Hausa, kuma kakanninmu sun zauna da ita ƙarni bayan ƙarni ba tare da sanin abin da ke kawo ta ba. Halinta ma shi ya sa gane sababinta ya yi wuya. Mutum yakan ɗauki ƙwayar ya yi kamar shekara 5 bai ga komai a jikinsa ba, wani ma har shekara 20. Kafin tabo ya fito, ya manta da wanda ya zauna da shi da inda ya kwana. Abin da ido ke gani kawai shi ne cutar takan maimaita kanta a gida ɗaya, uwa da ɗiya, ko kaka da jika. Daga nan aka yanke hukunci cewa gado ce, tana bin jini, alhali zaman ɗaki ɗaya na tsawon shekaru ne ya haɗa su.

Bayan gado, an jingina ta ga wasu abubuwa. An ce wanda ya rantse da Alƙur'ani a kan ƙarya zai kuturce. An ce haɗa kifi da nono na kawo ta, naman akuya kuma na tayar da ita. Wasu suka ce sammu ne ko jifa. Idan mai karatu ya duba da kyau zai ga kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan bayanai yana neman mai laifi. Ko dai tsatson mutum ne gurɓatacce, ko ya saɓa wa Allah, ko kwaɗayi ya ja masa. Wanda zazzaɓi ya kama ana yi masa sannu, amma wanda kuturta ta kama sai a fara tambayar me ya yi. A nan ne ƙyamar ta samu saiwarta ta farko, tun kafin a zo kan maganar ɗauka.

Duk da haka, Bahaushe bai saba korar kuturu daji ba, kamar yadda aka yi a wasu ƙasashe. Wani likita Bature mai suna Tonkin, wanda ya zo Kano a ƙarshen ƙarni na 19 ya kuma duba kutare sama da 200, ya lura cewa suna cuɗanya da jama'a a kasuwa da cikin gari ba tare da wani shamaki ba. Manyan garuruwa suna da sarkin kutare, kamar yadda suke da sarkin makafi da sarkin guragu, shi ke sasanta rigimarsu, shi ke magana da yawunsu a fada. Sadaka tana isa gare su ranar Juma'a da wajen biki da suna. Karin maganar nan da ke cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano, tana nuna mutumin da ke shiga kasuwa ya yi ciniki, ko da yake a cikinta akwai alamar cewa kuɗin ne ya saya masa abin da ba a so ya taɓa.

Sai dai wannan haƙuri yana da farashi. Gurbin da al'umma ta tanadar wa kuturu shi ne bara. Manomi ne a da ko maƙeri ko malami, da zarar cutar ta bayyana sai sana'arsa ta faɗi, sunansa ma ya faɗi, ya koma kuturu kawai. Katanga mafi tsayi kuwa ita ce ta aure. A fiƙihun Malikiyya, kuturta da albaras suna cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure, hukuncin da malamai suka tsara a zamanin da cutar ba ta da magani kuma ba a san ƙarshenta ba sai naƙasa. Al'ada ta ɗauki wannan ta faɗaɗa shi, har ya wuce mai ciwon ya hau kan 'ya'yansa da jikokinsa masu lafiya. Shi ya sa kutare suka riƙa auren junansu, 'ya'yansu ma su auri 'ya'yan kutare, har suka zama tamkar wata ƙabila a cikin gari.

Ƙwayar cuta da dokar keɓewa

Amsar tambayar abin da ke kawo kuturta daga nesa ta zo. A 1873, a garin Bergen na ƙasar Norwe, wani likita mai suna Armauer Hansen ya hango ƙwayar cutar a madubin likita. A lokacin manyan likitocin Turai, har da surukinsa Danielssen wanda shi ne babban masanin cutar a ƙasar, suna kan ra'ayin cewa gado ce, daidai da abin da kakanninmu suka ɗauka. Binciken Hansen ya rushe wannan ra'ayi. Kuturta ƙwaya ce ke kawo ta, 'yar uwar ƙwayar tarin fuka, babu ruwanta da tsatso ko zunubi.

Da an bi hankali, wannan labari ya isa ya wanke masu cutar. Amma an gano ƙwayar ba a gano maganinta ba, kuma gwamnatoci suka fahimci abin ta wata fuska: tunda ana ɗauka, a raba masu ita da jama'a. Babban taron masana kuturta na farko da aka yi a Balin a 1897 ya goyi bayan keɓewa. A tsibiran Hawayi an riga an fara tun 1866, inda ake kwashe masu cutar a jirgin ruwa a kai su wani lungu mai suna Kalaupapa, teku ta gaba, dutse ta baya. Kimanin mutum 8,000 aka kai can kafin a soke dokar a 1969. Da wannan tunani na keɓewa Turawan mulkin mallaka suka iso ƙasashenmu.

Zangunan kutare a Arewa

A 1924 aka kafa wata ƙungiya a Ingila don yaƙi da kuturta a ƙasashen da Ingila ke mulka, kuma Nijeriya na cikin wuraren da cutar ta fi yawa. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta da isassun likitoci, sai ta jingina aikin ga Turawan mishan. A 1929 aka buɗe zangon kutare na Garkida, a jihar Adamawa ta yanzu. A shekarun 1930 kuma hukumomin En'e na Kano da Katsina da Sakkwato suka yi yarjejeniya da ƙungiyar mishan ta SIM ta riƙe musu zangunan lardunansu, waɗanda aka sani da Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. A kusa da Maiduguri akwai Molai, a Zariya akwai Saye. A ƙetaren iyaka, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, an buɗe asibitin Danja kusa da Maraɗi a 1956.

Akasarin waɗanda suka shiga waɗannan wurare neman magani ne ya kai su, wasu da ƙafa daga garuruwa masu nisa. Maganin da ake da shi a farko shi ne man wata bishiya ta ƙasar Indiya mai suna calmugura, wanda ake yi wa mutum allurarsa a fata mako bayan mako. Allura ce mai zafi, amfaninta kuma kaɗan ne. Saboda haka zaman ya zama na shekaru. Zangunan suka koma garuruwa masu gonaki da makaranta da kasuwa. Wasu majinyata sun koyi karatun boko a can, wasu sun koyi saƙa da ɗinki da kafinta, wasu suka zama ma'aikatan jinya suna wanke gyambon 'yan uwansu. A wasu zangunan kuma akan raba jariri da mahaifiyarsa a kai shi gidan reno don tsoron kada ya ɗauka, abin da ya bar ciwo a zukatan iyaye da yawa.

Ba za a musa alherin waɗannan asibitoci ba, domin sun ciyar da mutanen da ba su da mai ciyar da su, sun kuma ceci ƙafafu da idanu masu yawa. Amma sun sauya yadda jama'a ke kallon cutar. A da kuturu maƙwabci ne da ake gani kullum. Yanzu ya zama mutumin da ake kai wa wani wuri na musamman a bayan gari, kuma duk abin da aka keɓe, tsoronsa ƙaruwa yake. Sunan wurin ma ya zama tambari. Ya isa a ce wane ya taɓa zama a Amanawa ko Babbar Ruga, an gama bayani.

Ga kuma matsalar komawa gida. Mutumin da ya yi shekara 7 ko 10 a zango, in ya koma yakan tarar an raba gonarsa, matarsa ta yi wani aure, 'ya'yansa sun girma a hannun wasu. Ga takardar sallama a aljihunsa, amma babu mai karanta ta, hannunsa kawai ake kallo. Da yawa sukan kwana biyu su juyo. Haka ƙauyuka suka tsiro a bakin asibitocin, na mutanen da likita ya ce sun warke amma garinsu bai karɓe su ba. Har yau zuriyarsu na nan a waɗannan wurare, mafi yawansu ba su taɓa yin cutar ba, amma suna ɗauke da sunanta.

Zuwan magani

A 1941, a asibitin kutare na Carville da ke Amurka, aka fara gwada wani magani mai suna Promin, aka kuma ga abin da ba a taɓa gani ba, wato ƙwayar cutar tana mutuwa a jikin majinyaci. Nijeriya tana da babban rabo a abin da ya biyo baya. A zangon Uzuakoli, cikin jihar Abiya ta yanzu, likita John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ƙwayar dafson, wadda ake haɗiya kuma mai araha, tana warkar da kuturta idan aka ba da ita daidai kima. A wannan zango dai aka yi gwajin farko na kulofazimin a farkon shekarun 1960, ƙarƙashin likita Stanley Browne. Biyu daga cikin magunguna uku da duniya ke amfani da su yau, a jikin majinyatan Nijeriya aka tabbatar da amfaninsu.

A Uzuakoli ne kuma aka yi Ikoli Harcourt Whyte, haifaffen Abonnema a 1905, wanda cutar ta kama yana matashi, aka kai shi zangon a 1932. Ya tsara waƙoƙin majami'a masu yawa da harshen Ibo, ya kuma kafa ƙungiyar mawaƙa daga cikin majinyata. Da ya warke a shekarun 1940 sai ya zaɓi ya ci gaba da zama tare da su, har rasuwarsa a 1977. Waƙoƙinsa sun shiga majami'u a faɗin ƙasar Ibo, inda ƙyamar kuturta ta fi ta Arewa tsanani, suka nuna wa mutane cewa cutar ba ta cin basira.

Dafson ta sauya tsarin jinya a Arewa. A shekarun 1950 aka buɗe wuraren shan magani a ƙauyuka da kasuwanni, inda malamin kutare kan zo da ƙwayoyi a ranar da aka tsayar, mutum ya sha ya koma gonarsa. Sai dai dafson ita kaɗai tana bukatar shekaru, wasu ma har ƙarshen rayuwa, kuma daga shekarun 1960 ƙwayar cutar ta fara bijire mata. Wannan ya sa a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna uku, rifamfisin da dafson da kulofazimin, haɗin da ma'aikatan lafiya ke kira MDT. A tsarin yau, mai ƙarancin tabo yana sha na wata 6, mai yawan tabo na wata 12. A 1991 ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin rage cutar zuwa ƙasa da mutum 1 cikin 10,000, Nijeriya kuma ta kai wannan mataki a 1998. Cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta ƙasa tana Saye, a tsohon wurin jinyar kutare na Zariya.

Abin da ya sa sunan bai warke ba

Idan magani ya samu haka, me ya hana ƙyamar mutuwa? Dalili na farko yana cikin yadda cutar ke aiki. Ƙwayar kuturta jijiyoyi take kamawa, musamman na hannu da ƙafa da fuska. Idan jijiya ta lalace, wurin ya daina jin zafi. Mace ta ɗauki tukunya daga murhu ta ƙone ba ta sani ba. Manomi ya taka ƙaya ya yini yana tafiya a kanta. Rauni ya zama gyambo, gyambo ya ci ƙashi, yatsa ya gajarce. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta Indiya tun daga shekarun 1940, shi ya tabbatar da cewa cutar ba ta ruɓar da nama kamar yadda ake zato, rashin jin zafi ne ke jawo asarar gaɓoɓi. Magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya mayar da yatsan da ya tafi. Saboda haka dungulmin da kake gani a hannun dattijo tabon yaƙin da aka gama ne. Mai yiwuwa jikinsa ya rabu da ƙwayar shekara 30 da suka wuce. Jama'a kuwa suna ganin tabon su ɗauka cutar ce.

Dalili na biyu yana bakinmu. Wanda ya yi ƙyanda ya warke ba a kiransa mai ƙyanda. Wanda ya yi tarin fuka ya gama magani, a hankali akan manta. Amma kalmar kuturu ba ta da ranar ƙarewa, ana kiran mutum da ita har kabari, a kuma kira ɗansa ɗan kuturu. Muna zagi da ita, muna tsine wa juna da ita, muna yi wa yara barazana da ita. Yaron da ya tashi yana jin haka, ranar da ya ga farin tabo a cinyarsa ba zai gaya wa kowa ba.

Nan ne ƙyama ke ciyar da kanta. Alamar farko ta kuturta ba ta da ban tsoro: tabo ne mai haske ko ja-ja a fata, ba ƙaiƙayi, ba zafi, kuma in an taɓa shi da auduga mutum ba ya ji. Wanda ya je asibiti a wannan mataki zai warke sarai, babu wanda zai taɓa sanin ya yi cutar. Amma tsoron suna yakan sa a rufe tabon da riga, a ce ƙyasbi ne, a yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe shekara biyu ko uku. Mata sun fi ɓoyewa, don tsoron saki ko gorin kishiya, 'yan mata kuma don tsoron rasa miji. Kafin a isa asibiti jijiya ta mutu, yatsu sun lanƙwashe. Sai jama'a su gani su ce ga abin da kuturta ke yi, alhali jinkiri ne ya yi shi, jinkirin kuma tsoronsu ne ya haife shi. A tsawon wannan ɓoyo kuma mutanen gidan ne ke shaƙar ƙwayar. Har yanzu ana samun sababbin masu cutar kimanin 200,000 a duniya kowace shekara, a Nijeriya kuma wajen 2,000 ko fiye, cikinsu har da yara, kuma wani kaso ba ƙarami ba yana zuwa ne bayan naƙasa ta riga ta bayyana.

Da doka ta nemi gafara

Wannan jinkiri na zuciya bayan magani ya samu ba a ƙasarmu kaɗai aka gan shi ba. Japan, duk da ci gabanta, ta ci gaba da tsare masu kuturta a sansanoni har 1996, shekaru da dama bayan an san cutar tana warkewa. An hana da yawansu haihuwa, da yawa kuma sun sauya suna don kada a gano danginsu. A 2001 wata kotu a Kumamoto ta yanke hukunci cewa gwamnati ta zalunce su, firaminista Koizumi ya nemi gafara, aka biya diyya. Shekara biyu bayan haka wani otal a yankin ya ƙi saukar da waɗansu tsofaffin majinyata da suka daɗe da warkewa, abin da ya nuna soke doka ya fi sauya zuciya sauƙi. A 2019 kotu ta ce iyalansu ma an cuce su, gwamnati ta sake neman gafara. A Indiya sai a 2016 aka soke dokar kutare ta 1898, a 2019 kuma aka cire kuturta daga dalilan da ke halatta raba aure a dokokin ƙasar.

A Disambar 2010 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri na kawar da wariya ga waɗanda kuturta ta shafa da iyalansu. Kowace Lahadin ƙarshe ta Janairu kuma ana tunawa da su a duniya, al'adar da Bafaranshen nan Raoul Follereau ya fara a 1954. A Nijeriya, dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta shafi duk wanda cutar ta bar wa naƙasa. Sai dai doka ba ta shiga tsakar gida ta ga wanda aka ware wa kwano. Wannan aikin iyali ne.

Ga iyali da mai jinya

Abin da likitanci ya tabbatar a yau ya saɓa wa kusan duk abin da muka gada. Kimanin mutum 95 cikin 100 jikinsu na kashe ƙwayar kuturta da kansa ko da sun haɗu da ita. Tana yaɗuwa ne ta ɗigon ruwan hanci da baki, bayan zaman kusa na watanni da wanda bai fara magani ba. Ba a ɗaukarta ta musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko tsayuwa a sahu ɗaya, ko zama a mota ɗaya. Ba gado ba ce, uwa kuma ba ta sa wa ɗan da ke cikinta. Da zarar mutum ya fara shan MDT ya daina yaɗa ta. Wanda ya gama magani kuwa babu dalilin da zai hana shi aure, ko limanci, ko sayar da abinci, ko ɗaukar jikansa.

Idan akwai mai shan magani a gidanku, ku taya shi ya kammala, kada ya tsaya don tabo ya dushe. Ku sani rifamfisin na sa fitsari ya yi ja na ɗan lokaci, kulofazimin kuma na sa fata ta yi duhu, duhun yakan washe a hankali bayan an gama. Kada ku bari maƙwabta su fassara wannan da cewa ciwon ƙaruwa yake. Wani lokaci, ana cikin magani ko bayan an gama, tabo kan kumbura, jijiya ta yi zafi, ko hannu ya fara rauni. Sau da yawa wannan jiki ne ke faɗa da gawar ƙwayar, ba dawowar cutar ba, amma yana bukatar a koma asibiti cikin gaggawa, domin akwai maganin da ke ceton jijiyar in an zo da wuri. Mutanen gidan su ma su je a duba fatarsu. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ba makusantan majinyaci rifamfisin sau ɗaya don rigakafi, ku tambayi ma'aikacin lafiya ko ana bayarwa a yankinku.

Wanda cutar ta riga ta kashe wa jijiya yana bukatar idon wani ya zama masa jin zafi. A riƙa duba tafin ƙafarsa da hannunsa kowace yamma, a jiƙa su cikin ruwa, a shafa mai don kada fata ta tsage. Ya sa takalmi mai taushin ciki, kada ya yi tafiya ba takalmi. Mace ta riƙa ɗaukar tukunya da tsumma mai kauri. Idan ido ba ya rufuwa sosai a kai shi asibiti tun bai samu rauni ba. Waɗannan ƙananan hidimomi su ne ke raba mutum da dungulmi, kuma ɗan da ya durƙusa ya wanke ƙafar mahaifinsa a gaban jama'a ya yi wa unguwa wa'azin da ya fi na kowane ma'aikacin lafiya shiga.

Sai maganar aure, inda ƙyamar ta fi daɗewa. Bincike kafin aure abu ne mai kyau, amma a bincika abin da ke da amfani, kamar hali da addini da gwajin jini na sikila da sauran cututtukan da likita zai iya aunawa. Ciwon da kaka ya yi ya warke ba ya cikin jinin jikarsa. Wanda ke da shakka ta fuskar shari'a ya je wa malami da cikakken bayani, cewa cutar yanzu tana da magani kuma mutumin ya warke, ya ji abin da zai ce, maimakon ya yanke hukunci da jita-jitar zaure.

Mutanen da suka taka zuwa Yadakunya da Amanawa da Danja shekaru da dama da suka wuce sun bi umarnin da ke cikin sunan nan, sun ya da kunya sun nemi magani. Saura mu da muka tsaya a gida. Ranar da wanda ya warke ya dawo, a kira shi da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa, a mayar masa da gonarsa, a zuba masa tuwo a kwanon da kowa ke ci. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kuma ba mu ikon riƙe zumuncin waɗanda ya jarraba.